Babi na Shida: Yawon Daji da Ƙafa, Daga Jiratawa Zuwa Tibiri

Ruwan Gulbin Maraɗi na ɗan lokaci ne. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa madatsar Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya biyo ta Jiratawa, ya gifta ta yammacin birnin Maraɗi, ya wuce Tibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Ƴan watannin damina kawai yake gudu. Da kaka ta kama sai ya janye, ya bar rairayi mai laushi shimfiɗe tsakanin lambuna da itatuwan mangwaro. Duk wanda ya sauka nan da sassafe, tun shanu da amalanke ba su tattake wurin ba, zai iske shaidar abin da ya kwana yana yawo: ƴan ƙananan sawayen bushiya, tsallen zomo, layin da wutsiyar gafiya ta ja sa'ad da ta nufi lambun wani, da santsin inda maciji ya ratsa. Daga tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Ɗan Gulbi ba wata tafiya ba ce. Amma a tara yaran birnin nan a tambayi wanda ya taɓa duƙawa ya duba, da wuya a samu mai ɗaga hannu.

Idan aka ce yawon kallon namun daji, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne abin da muke gani a talabijin: Turawa cikin buɗaɗɗiyar mota a Kenya ko Tanzaniya, kowa da na'urar ɗaukar hoto, zaki na hamma a gindin itace. Sai magidanci ya ce wannan harkar masu kuɗi ce, ta mutanen wata ƙasa, ya koma ga abin da ya dame shi. Ni kuwa a ganina, yawon da ya fi amfani ga iyali shi ne wanda ake yi da ƙafa, sannu a hankali, a bayan mutumin da ya san daji. Wurin yinsa muna da shi, masu jan gaba ma muna da su, duk tsakanin Jiratawa da Tibiri. Abin da muka rasa shi ne al'adar fita, da ganin girman waɗanda suka sani.

Ko a can inda abin ya zama babbar sana'a, ilimin ƴan ƙasa ne ginshiƙinsa. A kwarin Luwangwa na ƙasar Zambiya, wani ma'aikacin gandun daji mai suna Norman Carr ya shawo kan Sarki Nsefu a 1950 ya keɓe wani yanki na ƙasarsa domin baƙi masu kallo, kuɗin da suka biya kuma ya riƙa shiga hannun jama'ar sarkin. A wannan kwari ne daga baya ɗaukar baƙi yawo da ƙafa ya yi suna, a madadin kai su farauta. A Afirka ta Kudu kuma, cikin 1959, Ian Player da Magqubu Ntombela suka fara jan mutane da ƙafa a dajin Umfolozi. Sunan Player ne ya fi zagaya duniya, amma shi da kansa ya sha faɗin cewa Ntombela, Bazulen da bai taɓa shiga aji ba, shi ne malaminsa. Har yau a gandun Kruger ba a wuce baƙo takwas a tafiya ɗaya, ma'aikata biyu masu bindiga ke jan gaba, kuma ba a zuwa da yaron da bai kai shekara 12 ba, domin akwai zaki da ɓauna da giwa. Kwarinmu babu ko ɗaya daga cikinsu yanzu. Rashi ne babba, kuma yana yi mini ciwo. Sai dai shi ne ya sa ɗan shekara shida zai iya bin sawu riƙe da hannun uwarsa ba tare da bindiga a gaba ba.

Da ba haka kwarin yake ba. Lokacin da Katsinawan da jihadi ya tayar suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819, da lokacin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, duhun kurmin gulbi na cikin abin da ya ba su mafaka, don doki ba ya sukuwa cikin sarƙaƙiya. Maharba a wancan zamani masu faɗa a ji ne, suna da sarautunsu, suna da ƙa'idar lokacin buɗe daji da lokacin barinsa ya huta. Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin mutanen kwarin, ya yi dogon bayani a kan zuriyoyinsu da al'adunsu a littafinsa na 1975. Sai noman gujiya ya bunƙasa zamanin Turawa, aka share daji aka yi gonaki. Ambaliyar 1945 ta sa aka tayar da garin Maraɗi daga fadama zuwa tudu, ya yi ta faɗi. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka ƙarasa abin da gatari ya rage. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 267,000 a birnin kaɗai, kuma yawancin gidaje da itace suke girki.

Itatuwa dai sun soma dawowa, kuma daga nan Maraɗi abin ya tashi. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM, ya lura cewa ƴan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututtuka ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu mafi ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin ƴan shekaru sai ga itace tsaye. Manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani. Masu binciken da suka gwama hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa ya kai hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Inda itace ya tsaya tsuntsu ya samu wurin sheƙa, hawainiya ta samu reshe, kurege ya samu inuwar da zai haƙa rami. Saboda haka gonar gero da ke gefen hanyar Tibiri, mai gawo da kalgo da sabara da aduwa, ta isa wurin kallo. Gawo ma shi kaɗai darasi ne: yana kaɗe ganye da damina lokacin da kowane itace ke kore, gero ya samu rana a gindinsa, sannan ya yi ganye da rani ya zubo wa awaki ƴaƴa sa'ad da babu ciyawa. Yaro zai wuce ƙarƙashinsa shekara goma bai lura ba, sai an tsayar da shi an nuna masa.

To wa zai nuna? Akwai makiyayi, wanda ya san kowace tabki da ranar ƙafewarta. Akwai tsohuwar da ke tsintar tafasa da yaɗiya da anza, wadda ta san abin da ake ci, da abin da sai an jiƙa an zubar da ruwa, da abin da ko akuya ba ta taɓawa. Amma wanda na fi damuwa da shi shi ne tsohon maharbi, domin iliminsa ne ya fi kusa da ɓacewa. Naman da ya koyi bi ya ƙare, dokar farauta ta 1998 ta sa sai da izini ake harbi, ƴaƴansa sun tafi kabu-kabu ko ci-rani Libiya da Aljeriya, shi kuma yana zaune a gindin bedi yana tufka igiya. Na sha zama da irinsu. Abin da ke cikin kansu ba ya cikin wani littafin lakwal, kuma ba sa rowarsa. Mai tambaya ne babu.

A sa yaro gaban irin wannan tsoho a kan rairayi a ga abin da zai faru. Yaron zai nuna sawu ya ce, "Baba, kare ya wuce nan." Tsohon ba zai ce masa a'a ba. Zai ce, "Bi shi da ido, jikana. Ka taɓa ganin karen gida ya miƙe haka bai ratse ya sansani komai ba?" Yaron ya duba, ya ga sawun ya tafi sak, siriri, ƙafar baya na faɗawa daidai inda ta gaba ta tashi. "Dila ke nan. Shi da abin da ya fito nema, ba ya ɓata ƙarfinsa." Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Dangin kare duk suna barin alamar farata a gaban dagi, dangin kyanwa kuwa suna janye nasu in suna tafiya, don haka sawun muzurun daji kewayayye ne ba tsini. Zomo in yana gudu, dogayen ƙafafunsa na baya ne ke sauka a gaban na gaba, shi ya sa baƙon abin kan bi sawunsa a juye, ya nufi inda ya fito. Guza na barin layin wutsiya a tsakiya da tambarin ƙafa dama da hagu. In layi ne kaɗai babu ƙafa, to a ja baya a duba gindin ciyawa. Sawun da bakinsa ke da kaifi sabo ne. Wanda iska ta ɗan rushe gefensa, ko tururuwa ta ratsa ta kansa, ya jima. Ramin da gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa babu mai kwana ciki. Kashi ma ana karanta shi: in da gashi da ƙashi a ciki, mai cin nama ne, in da ƙwallon magarya, dila ya rasa ɓera ya koma ga ƴaƴan itace.

Abin da ke burge ni a nan shi ne, ba a cewa yaro ya haddace komai. Ana tambayarsa ne, ya duba, ya yi tsammani, a nuna masa abin da ya tsallake, ya sake tsammani. Duk wanda ya san yadda ake koyar da kimiyya a azuzuwanmu masu cunkoso, inda malami ke rubutu a allo yara na kwafa, ya san irin wannan horo shi ne abin da ya yi ƙaranci. A hamadar Kalahari an riga an gane haka. Tun cikin shekarun 1990 wani masani mai suna Louis Liebenberg ya fito da tsarin jarraba masu bin sawu a ba su takardar shaida, ya kuma ƙirƙiro manhajar CyberTracker mai amfani da hotuna, domin maharbin da bai iya karatu ba ya iya shigar da abin da ya gani. Mutanen da ake yi wa kallon jahilai suka zama abokan aikin masu bincike, ana biyansu.

Naman dawa mai ƙafa huɗu yawanci sawunsa za a gani, don da dare yake fita. Abin da ido zai ƙoshi da shi tsuntsaye ne, kuma Nijar na da iri sama da 500. Cilakowa ta isa a tsaya mata. In lokacin ƙwai ya yi, macen kan shiga kogon itace, a liƙe bakin da laka da kashi har sai ɗan tsagi ya rage, ta zauna ciki kamar mai jegon da ke zaman arba'in, namijin na kai da kawowa yana miƙa mata fara da ƴaƴan itace ta tsagin. Marai kuwa namiji ne ke saƙa sheƙa da ɗanyen haki, macen ta zo ta duba, in ba ta yi mata ba ya sake wata. A gindin tsohuwar kuka ko kangon gini akan tsinci wasu dunƙulalle masu launin toka. Aman mujiya ne. A fasa ɗaya da tsinke a gaban yara, za su ga ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa da gashinsa. Tsuntsun da muke jifa muna cewa na mayu ne, ashe shi ke kwana yana tsare mana rumbu. Ban san wata hanya da ta fi wannan saurin cire wa yaro tsoron mujiya ba.

Sai shamuwa, wadda kowane ɗan Maraɗi ya sani, har yara suna da waƙarta. Tana isowa gab da damina, ta yi sheƙa a tsakiyar gari a kan tsamiya ko gawo, ba mai taɓa ta, ta yi ta cin fara da tsutsa a gonaki, da kaka kuma ta ɓace. Ina take zuwa? A farkon shekarun 2000 wasu masu bincike daga Danmak sun ɗaura wa wasu shamuwoyi na'ura a nan Nijar suka bi su ta tauraron ɗan adam, suka ga sun tsallake tsakiyar Afirka sun kai Tanzaniya, har sun zarce kudu da ita. Damina take bi: in tamu ta ƙare ta tafi ta wasu. A faɗa wa yaro haka yana kallon sheƙar da ke ƙofar gidansu, sannan a buɗe masa taswira.

Jiratawa wurin farawa ne mai sauƙi, don kusa take, kuma akwai ruwa da rani. Filin noman ranin da hukumar ONAHA ke kula da shi ya haura hekta 500, ga zogalen da garin ya yi suna da shi, ga magudanan ruwa inda balbela da zakaran ƙeƙuwa ke kiwo, ga guza na shan hantsi a bakin kwalbati. Wanda ya samu hali ya ƙarasa tafkin Madarunfa, kimanin kilomita 20 da ɗoriya kudu da Maraɗi. Yawancinmu ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewayensa ce ke kai mu, musamman lokacin Mauludi, kaɗan ne ke ɗaga kai su dubi ruwan. A watan Disamba na 2019 aka sa tafkin cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Da sanyi akan ga garken kirinjijiya suna tashi da fito, da zalɓe tsaye cik yana dakon kifi, da wasu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogon baki da siraran ƙafafu waɗanda a Turai da Rasha suka ƙyanƙyashe, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara suka zo cin rani wurinmu. Masunta sun san inda kowanne ke sauka, su ne jagororin wurin. Abu ɗaya: kada a bar yara su shiga ruwan kwance, ko na tafki ko na magudana, saboda tsargiya.

Akwai kuma wanda za a nema a rasa, shi ma a gaya wa yara. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya tuna ungulu jere a kan katangar mahauta da rufin kasuwa. Yau sai a yi watanni ba a ga ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar IUCN mai bin diddigin halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda ke gab da ƙarewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ana kashe ta a sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu a kasuwannin Nijar da Najeriya, ana kuma zuba guba a mushe don karnuka ko dila, ta zo ta ci ta mutu da yawa lokaci guda. Ita ce ke share mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Mun raina ta saboda kamanninta, ga shi mun koma zama da wari.

Shirin fita ba shi da wuya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, sai kuma farkon damina don shamuwa da damo. Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ba na yara ba ne. A fita bayan sallar asuba, a dawo kafin hantsi ya yi zafi. Kilomita biyu ko uku sun isa, domin tsayawa ake so ta fi tafiya yawa. Kowa da gorar ruwansa da rufaffen takalmi, saboda ƙarangiya da ƙaya, da kuma kububuwa, wadda ƙarama ce, launinta na ƙasa, dafinta kuwa na kisa. Jagora a gaba, babba ɗaya a baya, yara a tsakiya. Ba a cusa hannu a rami ko suri, ba a ɗaga dutse ko kututture da hannu. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau; a hana shi motsi a ɗauke shi zuwa likita nan take. A nemi izinin mai lambu kafin a ratsa, a yi masa sannu da aiki. Danƙon harbin tsuntsu kuma a bar shi gida, a faɗa wa yaro dalili tun da dare. Madubin hangen nesa yana da daɗi in akwai, guda ɗaya ya ishi gida, amma rashinsa bai hana komai ba. Littafin rubutu da fensir sun fi shi amfani.

Maganar tsaro ba ta ɓoyuwa. Dajin Baban Rafi da ke kudu, inda a da giwaye kan ƙetaro daga Najeriya, yanzu ba wurin kai iyali ba ne. Ƴan bindiga da masu satar mutane sun addabi ƙauyukan kan iyaka a gundumomin Madarunfa da Gidan Runji, kuma tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo yankin. Duk inda za a je, ko da bakin tafki ne, a fara tambayar maigari da ma'aikatan gandun daji halin da ake ciki a makon. In sun ce a dakata, a dakata.

Wanda ya saba da kwarin gida, yaransa suka iya shiru da haƙurin kallo, to akwai babbar tafiya da ke jiransa a arewa. Gandun Gadabeji, bayan Dakwaro, an kafa shi a 1955, faɗinsa hekta 76,000, musamman don mariri da barewa. Mariri ya ƙare, raƙumin dawa ma ya ɓace daga can wajen shekarun 1970 saboda fari da harbi. A 2017 UNESCO ta amince da yankin cikin wuraren da ake haɗa kare halitta da rayuwar jama'a, domin Fulani da Buzaye na kiwo kewaye da shi. A watan Nuwamba na 2018 kuma, ma'aikatar muhalli tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund suka kamo raƙuman dawa 8 daga Kure, inda irinsu suka rage, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su a bayan manyan motoci, aka sake su a Gadabeji. A 2022 aka ƙaro 4, kuma sun fara haihuwa a can. Wannan irin raƙumin dawa mai hasken fata babu shi a daji ko'ina a duniya sai Nijar. A 1996 guda 49 kacal suka rage a Kure. Da aka tsare su, suka haura 600 kafin a ɗebo na Gadabeji. Namiji kan wuce mita 5, amma ƙasusuwan wuyansa bakwai ne daidai da na ɗan adam, mace kuma kan yi wajen wata 15 da ciki. Daga Maraɗi zuwa Dakwaro kimanin kilomita 120 ne, daga can sai rairayi, sai mota mai ƙarfi, sai izinin hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta. Tafiya ce ta kwana, ta gidaje biyu ko uku su haɗa kuɗin mai. Bayan raƙuman akwai barewa da jan biri da yanyawa da tuje.

Kure ta koya mana wani abu mai ɗaci. Matasan ƙauyukan wurin sun kafa ƙungiyar masu rakiyar baƙi, shekara da shekaru suna sauka da su daga mota su taka har kusa da raƙuman, kuma wani kaso na kuɗin na komawa ga jama'a, abin da ya sa manomi ke haƙuri in raƙumi ya ci masa wake. Ran 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a can: Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu, da shugaban ƙungiyar masu rakiyar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Daga ranar baƙin waje suka ɗauke ƙafa, masu rakiya suka wayi gari ba aiki. Sana'ar da ta dogara ga baƙon da ke zuwa da jirgi, rana ɗaya ta isa ta durƙusar da ita. In ana so jagoran daji ya ci abinci da iliminsa shekara da shekaru, dole masu biyansa su zama mu: ɗan kasuwar Maraɗi da iyalinsa, malamar lakwal da ajinta, ma'aikacin da ke neman inda zai kai yara ranar Lahadi.

Shi ya sa nake matsawa a kan biya. Kada a ɗauki tsoho a yini da shi a sallame shi da goro da "Allah ya saka". A ba shi aƙalla abin da ɗan barema ke samu a yini, a gaban yaran, su ga cewa sanin daji abu ne da ake saye. Ranar da jikansa ya ga haka, shi ma zai fara bin kakan yana tambaya. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana da sashen noma da muhalli; ɗalibanta za su iya bin waɗannan tsofaffi da waya suna naɗar sunan kowane tsuntsu da kowace ciyawa da bakin Katsinanci da Gobiranci, su haɗa da sunan kimiyya, tun masu sunayen na da rai. Fadar Maraɗi da ta Tibiri sun san sarakunan baka da na dawa da ke ƙarƙashinsu, kira ɗaya ya isa a tara su. Daraktocin lakwal kuma suna iya ware safiya ɗaya cikin sanyi a fita da aji, kamar yadda ake fita dashen itace ran 3 ga Agusta.

Kai kuma mai karatu, ba sai ka jira ɗayansu ba. Je wurin mai unguwarku ko maigarin ƙauyen da kuka fito, ka tambaye shi tsohon maharbin da ƙafarsa ke iya tafiya har yanzu. Ku yi ciniki, ku sa rana cikin sanyin bana. Ka tafi da ƴan matan gidan tare da mazan, da uwarsu in ta samu sarari, kuma ka bar yaran su yi tambayar da kansu.